Agogon Injiniya Bai Iya Ruwa Ba

Masu turo mini saƙo cewa in daina wulaƙanta bawan Allahn nan, na gani, na kuma gode. Amma ku fara jin abin da ya yi mini ranar Lahadi a gaban iyayena, sannan ku dawo mu yi maganar wulaƙanci.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata ashirin da huɗu, ni ce auta a gidanmu, kuma iyo nake yi. Ba irin na otal ba, da ake tsoma ƙafa a ɗauki hoto a fito. A babban tafkin bayan gari nake yi, mu bakwai duk mata tare da kociyarmu, kullum da hantsi. Akwai jarrabawar shiga rukunin mata masu ceto a ruwa, kilomita biyu cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma takardar shiga sai wanda zai tsaya miki ya sa hannu kafin Alhamis ɗin nan. Sati biyu kenan takardar tana kan teburin Abba, ya danne ta da gidan tabarau. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shekara talatin ya yi yana awon filaye, ba ya sa hannu a kan abin da bai auna ba.

Shi kuwa Injiniya ɗan ƙawar Gwaggo ne, ƙanwar Abba. Kyamarar tsaro yake liƙa wa mutane a katanga, iyakar injiniyancin kenan. Turarensa yana riga shi yin sallama. Wayoyi biyu a hannu, makullin mota a ɗan yatsa, da wani farin takalmi da yake gogewa da tishu duk bayan minti biyar, kamar tsakar gidanmu ce za ta sa masa cuta. Wata huɗu yana zuwa, wata huɗu Gwaggo tana yi mini huɗuba a kicin.

"Ke Agwagwa," haka take kirana, "irin wannan mijin mata rububinsa suke yi. Ke kina can kina wanka da kifaye."

A wani zuwansa na kwanan nan ya tambaye ni yadda nake sanin nisan da na yi a ruwa, tunda tafki ba shi da layi. Na yi masa bayani tsakani da Allah. Akwai doguwar katanga miƙaƙƙiya a gefen tafkin, daga matattakalar da muke shiga zuwa wani turken ƙarfe. Abba da kansa ya je da tef ɗin awonsa ya auna, mita ɗari biyu da hamsin cif. Ni kuma na zare duwatsu takwas daga tsohuwar sarƙar Umma na shirya su a zare na ɗaura a hannu. Duk zuwa ɗaya in ja dutse ɗaya, duk dawowa in ja wani. In takwas suka ƙare, na yi kilomita biyu. Ranar da iska ta ture ni nesa da katanga kuwa, hannu nake ƙirgawa, don na san tura hannu ɗari biyu ke kai ni turken.

Sannan ga jarkata. Ƙaramar jarka ce ruwan ɗorawa mai faɗin baki, nakan sa tsohuwar wayata a leda in jefa a ciki in ɗaure murfin, in ɗaura igiyar a ƙugu tana bina a baya. Wayar tana saman ruwa a bushe, manhajar kyauta tana zana hanyar da na bi, in na gaji kuma in rungume jarkar in huta. Wani kafinta mai gyaran kwale-kwale, da rumfarsa take can gaba da turken, shi ya yanka robar tayar keke ya naɗa a murfin don kada ruwa ya shiga. Ku riƙe wannan kafintan a ranku.

Injiniya ya yi dariya har da dukan cinya. "Jarka? Haba dai! Matar Injiniya da jarka kamar mai tallan fetur? Ki gane, duniya ta wuce nan."

Matar Injiniya. Ko gaisuwar iyaye ba a yi ba, ya riga ya ɗaura aure a bakinsa.

Bayan kwana uku ya dawo da ƙaramin akwati baƙi mai ƙyalli. Agogo ne, fuskarsa kamar murfin kwalba. Ya faɗi sunansa da Turanci sau uku, ya faɗi cewa da tauraron ɗan'adam yake magana sau biyar. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu tana juyawa tana salati.

"Na saita komai," in ji shi. "Kada ki taɓa ko maɓalli ɗaya, ki gane? Ki ɗaura kawai ki shiga ruwa."

Ni da ko a kwance ba ni da niyyar koyon maɓallansa, sai na ce to. Umma ta bi ni ɗaki ta ce, "Auta, don girman Allah ki riƙa ɗaurawa, kada Gwaggonki ta ce mun raina mata baƙo." Don Umma na ɗaura. Kwana goma sha biyu yana hannuna na hagu, duwatsuna suna na dama, jarkata tana bayana. Ko sau ɗaya ban ɗaga hannu na dubi abin da yake rubutawa ba.

Saƙonni kuwa sai suka ƙaru. Da safe: "Barka da tashi sarauniyar ruwa." Da rana: "Yau kin daɗe fa." Washegari: "Ina kika tsaya haka?" da hoton ido biyu. Nakan taɓe baki in ajiye wayar. Na ɗauka irin shisshiginsa ne na kullum, ban kawo komai a raina ba. Ashe agogon duk abin da ya zana wayarsa yake turawa. Mutumin da sana'arsa leƙen gidajen mutane, me ya sa ban yi tunanin zai liƙa mini kyamara a hannu ba?

Ranar Lahadi, da yake ba ma zuwa tafki, bayan la'asar ina ɗaki ina shanya kayan iyona da na wanke a bayan ƙofa, doguwar riga da wando da hular roba, sai Umma ta leƙo fuskarta ba walwala.

"Sa mayafi ki zo falo. Abbanki na kira."

Na zura doguwar riga ruwan toka na yafa baƙin mayafi na fito. Abba yana kujerarsa ta kusa da taga. Gwaggo ta hakimce a doguwar kujera, ta ci ɗauri kamar mai zuwa shari'a, ta ajiye jaka a cinya. Injiniya kuwa yana durƙushe a bayan talabijin ɗinmu yana haɗa waya, ya cire farin takalmin ya jera a bakin ƙofa a kan tishu.

"Abba," ya fara, yana murza hannu. Uban nawa ma ya ara. "Wallahi ba don in tona asirin kowa ba. Amma wanda zai riƙe amana dole ya san abin da zai riƙe."

Taswirar tafkin ta fito a talabijin, da wani jan layi a kai. Layin ya tashi daga matattakala, ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar ruwa, ya dawo, ya haye katanga, ya tsallaka titi.

"Rana ta uku kenan. Ta ce kilomita biyu take yi. Agogo ya ce mita ɗari bakwai. Awa biyu a waje, mita ɗari bakwai. Sauran lokacin ina take?" Ya shafa allon wayar. "Rana ta biyar. Ku duba, ta fita daga ruwa, ta bi ta bayan rumfar masu kwale-kwale, ta kai har gidan mai."

"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Gidan mai! Da jiƙaƙƙun kaya? Yaya, ka gani ko? Tun yaushe nake faɗa maka ruwan nan ba alheri ba ne?"

Jama'a, kun san irin ɓacin ran da yake sa mutum dariya? Shi ya kama ni. Na dubi Injiniya daga gashin da ya sha mai har zuwa safarsa mai hoton kada, na ji duk duniya ba wanda na raina kamarsa.

"A rana ta biyar ɗin," na ce, "minti nawa na yi daga ruwa zuwa gidan man?"

Ya duba. "Daƙiƙa... daƙiƙa tara."

"To ai sai ka nema mini jarrabawar tashi sama, ba ta iyo ba."

"Ke!" Gwaggo ta daka mini tsawa. "Mara kunya, ana maganar mutuncinki kina barkwanci?"

Injiniya ya haɗe rai. "Na'ura ba ta ƙarya, Abba. Mutum ne yake ƙarya."

Abba ya gyara zama. Ya sa tabarau, ya ce a nuna masa duka goma sha biyun, ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya riƙa wucewa yana sharhi, yana daɗewa a kan waɗanda layin ya fi hauka. Da aka zo ta ƙarshe ya wuce da sauri, don ba ta da tsalle-tsallen da zai burge Gwaggo. Abba ya ce, "Dawo da ita." Ya duba kamar na daƙiƙa goma, ya ce, "To." Ni lokacin hankalina yana kan harara, ban lura ba.

"Auta, wane irin iyo kike yi?"

"Na kwaɗo, Abba."

"Hannunki yana fitowa saman ruwa?"

"Sai dai in zan gyara hula."

Ya miƙe. "Kawo agogon. Ku biyo ni."

A tsakar gidanmu akwai shuɗin duro da muke tara ruwa a gindin famfo. Abba ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya ɗaura agogon, ya ce wa Injiniya ya kunna. Sannan ya tsoma hannu cikin duron har gwiwar hannu. Ya bar shi can, ya ɗago kaɗan, ya mayar. Dattijo mai furfura, tsaye a wuri ɗaya, yana iyo a duro da hannu ɗaya, fuskarsa ba alamar wasa. Umma ta juya baya tana gyara shanya, kafaɗunta suna rawa. Minti goma cur aka yi haka.

"To, Malam Injiniya, duba mana. Ina na je?"

Injiniya ya dubi wayar. Ya ƙara dubawa. Ya goge allon da tishu.

"Karanta mana da ƙarfi," in ji Abba.

"Ya nuna... mita ɗari uku da goma."

"Madalla. Ta ina na bi?"

Ni na leƙa wayar na karanta wa Abba sauran. "Abba, ka haura katangar maƙwabta, ka shiga shagon tela, ka fito ka zagaya bayan makaranta, ka dawo ta kan rufin kicin."

Umma ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya har da zama a kan turmi.

Abba ya kwance agogon yana share hannu da tawul. "Saƙon tauraron nan ba ya ratsa ruwa, ɗana. In hannu ya nutse, agogo ya makance. In ya ɗago ya samu saƙo kaɗan, sai ya yi ta cinta-cinta yana haɗa layi. Da a cikin hularta ka ce ta sa, ko a jarkar da ka yi wa dariya, da ya gaya maka gaskiya. Kai da kake sana'ar na'ura, ya kamata ka san wannan kafin ka tara mutane."

Na ruga ɗaki na ɗauko tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi, na buɗe manhajar na miƙa wa Abba, ina kallon Injiniya ido cikin ido. Layuka a miƙe, zuwa da dawowa a gefen katanga kamar an ja da rula. Kilomita biyu da mita talatin. Biyu ba mita ashirin. Biyu da goma. Abba ya riƙa wucewa da babban yatsa yana gyaɗa kai, har ya kai ƙarshe, ya miƙo mini.

"Jarkar mai tallan fetur ce," na ce wa Injiniya. "Ka gane?"

Sai borin kunya ya tashi, wai kamfanin ne, wai akwai saitin da bai sabunta ba, wai shi kishi ne ya ja shi, kuma kishi alamar so ne. Abba ya ɗaga masa hannu.

"Ka ɗaura wa 'yata abin bibiya ba da sanina ba, ba da saninta ba. Wannan ba saiti ba ne. Ɗauki agogonka. Sai na neme ka."

Wajen sa takalmi ya taka ruwan da ya zuba daga duron, farin nan ya yi kaca-kaca da laka. Ban taimaka masa da tishu ba. Gwaggo ta saɓi jakarta ta bi shi tana cewa ai kuskure ne, kowa yana yi, ta juyo ta watsa mini harara ta ce, "Za ki gani, Agwagwa." Na ce a sauka lafiya.

Wallahi daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa. Na shiga kicin ina wanke kofuna ina waƙa, a raina har na ga sa hannun Abba a takardar. Kafin magariba sai na ji muryarsa daga ɗakin karatunsa.

"Auta. Zo ki rufe ƙofa."

Takardar tana gabansa, ya ɗauke gidan tabaraun daga kanta. Biro a buɗe a gefe. Amma a hannunsa akwai wata farar takarda da fensir da rula, ya yi zane. Na gane katangar tafkin, na gane matattakala da turken. Daga turken ya ja wani siririn layi da ya bi ta ƙasa, ya lanƙwasa sau ɗaya, ya tsaya a wani ɗigo da ya zagaye.

"Taswira goma sha ɗaya shirme ne," ya ce a hankali. "Ta goma sha biyu ma farkonta shirme ne. Amma daga nan," ya ɗora bakin fensir a turken, "layin ya daina tsalle. Ya bi hanyar ƙafa tiryan-tiryan, ya kauce wa kwata inda ake kauce mata. Agogon da ke cikin ruwa ba ya zana irin wannan. Busasshen hannu ne. Mita ɗari uku, sannan ya tsaya wuri ɗaya minti arba'in da bakwai." Ya ɗago ya dube ni. "Wayarki ta jarka kuma, jiya ba kilomita biyu ta rubuta ba. Ɗaya da kwata. Zuwa biyar, kin ƙare a turke, ba a matattakala ba."

Na dafa bayan kujera.

To, ga abin da ban gaya muku ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar ɗin, ana gobe zaman falon nan, a dutse na biyar, na ce wa kociya jijiyar ƙafata ta riƙe. Ƙarya ce. Na fito ta wajen turken, na kashe wayar jarka da hannuna, don ita na san maɓallanta. Na yafa babban tawul a kan kayan iyona na bi hanyar ƙafa zuwa rumfar kafintan nan. Agogon kuwa, tsabar rainin da na yi masa, na manta ma yana hannuna.

Ba abin da ya faru da zan ji kunyar faɗa a gaban Allah. Rumfa ce a buɗe ta kowane gefe, masunta suna wucewa. Ya share mini benci da hularsa na zauna, shi kuma ya ci gaba da goge cikin wani kwale-kwale, ƙurar katako duk ta cika masa gira. Bai tambaye ni ina na tsaya ba, bai taɓa tambaya ba. Abin da ya tambaya shi ne ko murfin jarkar yana yoyo. Daga baya, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Malama, in kin ba ni izini, ina so in zo in gaida Abba." Na ce ya bari sai bayan jarrabawa. Na faɗi haka ne don na san in Gwaggo ta ji kalmar kafinta, za ta ce ruwan ne ya jawo, kuma takardar nan ba za ta ga biro ba har abada. Ina son mutumin nan. Ga shi na rubuta, ku yi yadda za ku yi da ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Injiniya yana riƙe da gaskiya a tafin hannunsa, ya wuce ta da sauri don bai iya bambanta ta da shirme ba. Ni kuma da nake yi masa kallon sakarai, ga ni tsaye an kama ni da agogon da na ƙi ko kallo.

"Ban faɗa a gabansu ba," in ji Abba, "don ba huruminsu ba ne. Na tsoma hannuna a duro a gaban ƙanwata don in wanke ki, kuma na san a lokacin akwai guda ɗaya da ba ta wanku ba." Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. "Aikin da kike nema, rayukan mutane za a ba ki. Ni aka ce in tsaya miki. Zan iya tsaya wa wadda ta gaji ta fito a dutse na biyar. Wadda za ta ce ta yi takwas alhali biyar ta yi, ban san yadda zan tsaya mata ba."

Sai na tuna ranar Asabar ɗin da na dawo ya tambaye ni daga kujerarsa, kamar kullum, "Nawa yau?" Na ce masa, "Takwas, Abba," ko ido ban ƙifta ba.

Wayata ta yi ƙara a aljihun rigata. Ban ciro ba, amma allon ya haska ta cikin yadin, kuma na san mai turo saƙo a wannan lokacin, kullum in ya rufe rumfa. Abba ya dubi hasken, ya dubi fuskata. Ya ɗauki biron ya rufe shi, ya ajiye a kan takardar, daidai layin da ba a sa hannu ba. Sannan ya turo mini zanen, ya ɗora yatsa a kan ɗigon da ya zagaye.

"Zauna, Auta. Sau ɗaya zan tambaye ki. Wane ne a nan?"